Ƙusa a Bangon Labaran Kemis

Duk wanda ya taso a Anguwan Rogo ta Jos a shekarun can, in dai ya taɓa ciwon kai, to ya san shagon Labaran Kemis. Ɗan tsukukun shago ne a bakin hanya, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mata mai tuyar ƙosai, an yi masa shuɗin fenti ranar da aka buɗe shi, ba a kuma sake ba. A ciki akwai kanta ta katako, da kwalabe jere har rufi, da wani koren labule da ya raba gaban shagon da bayansa. Shi Labaran kullum yana tsaye bayan kanta cikin farar riga irin ta likitoci wadda ya tsinto a gwanjo, aljihu cike da biro, ko da yake ba wanda zai rantse ya taɓa ganin yana rubutu. Dokta ake ce masa. Bai taɓa cewa a kira shi haka ba, amma dai bai taɓa hanawa ba.

A bangon da ke bayansa akwai ƙusa biyu. Ɗaya tana ɗauke da lasisin shagon cikin gilashi, da sunan wani Hyginus, masanin harhaɗa magunguna da ke zaune a unguwar Rayfield, wanda a takarda shi ne mai kula da duk ƙwayar da ta fita daga wurin. Mutanen unguwa ba su san ko dogo ne ko gajere ba. Ƙusa ta biyu kuwa ba komai a jikinta sai tsatsa. Labaran ya buga ta ne ranar da 'yar ƙanwarsa Maimunatu ta ci jarrabawar shiga sakandare, ya ce nan takardarta za ta zauna idan ta gama jami'a. Mutane suka ce ya riga malam masallaci. Ya ce gara a riga malam da a tarar an sallame.

Maimunatu tana goye ubanta ya rasu a hatsarin babbar mota. Labaran ne ya ɗauko ta da uwarta Rabi ya ba su ɗaki a gidansa, kuma tun daga ranar bai bari ta san maraici ba. A gaban kantar nan ta girma. A jikin kwalayen magani ta koyi haɗa baƙi tun kafin a sa ta makaranta. In zazzaɓi ya kama ta, Kawu zai ɗauko kafso, rabi ja rabi rawaya, ya ɗora mata a tafin hannu ya ce, "Haɗiye, 'yar Kawu, kada ki tauna." Ita a wurinta duk Jos babu mutum kamarsa, kuma ba abin da take so a duniya irin ta san abin da ke cikin ƙwayoyin nan da yadda suke korar ciwo. Doka ɗaya ce a shagon: ba mai wuce koren labule. Ba ta taɓa tambayar dalili ba, ta ɗauka ko'ina ilimi yana da ɗakinsa.

A shekarar 1978 ta gama sakandare, sakamako ya fito da kyau, daidai lokacin da aka kafa sabuwar hukumar shiga jami'a, fom ɗaya na kowa da kowa. Labaran da kansa ya je ya sayo fom ɗin, ya taho da shi a ƙirjinsa ƙarƙashin riga don kada yayyafi ya taɓa shi. Shi ya raka ta wurin Sylvanus mai hoto. Da aka gama ɗaukar ƙananan hotunan da za a manna, sai ya tuɓe farar rigarsa ya ɗora mata, ya gyara mata biro a aljihu, ya ce a ɗauki babba guda ɗaya don tarihi. Hannun rigar ya rufe mata yatsu, ta yi ta dariya har Sylvanus ya ce in ba ta tsaya ba hoton zai girgiza.

Malamarsu ta kimiyya, Malama Immaculata, ta gargaɗe su da su fara cikawa da fensir, sai sun tabbata sannan su bi da biro. A gurbin da aka tambayi abin da take son karantawa, Maimunatu ta rubuta famasi, ilimin harhaɗa magunguna, jami'ar Zariya, cike da murna. Abu ɗaya ya rage, wani babban mutum ya sa hannu a ƙasa ya shaida ya san ta. Kawu ya ce wannan aikin Oga Hyginus ne, ranar Litinin za ta je. Amma kafin nan akwai abin da ya daɗe yana ajiye mata.

Ranar Asabar da hantsi ya tura ƙyauren shagon, abin da bai taɓa yi ba in ba sallar Juma'a ba. Ya kama gefen labulen yana murmushi.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. "Tun da kin rubuta karatun nan da hannunki, kin zama 'yar gida. Shigo. Abin da za su yi shekaru suna ja miki rai a kansa a Zariya, ni yau zan nuna miki shi kafin azahar."

Ta shiga da bismillah, da ƙafar dama, kamar mai shiga masallaci.

Wari ne ya fara yi mata maraba. Warin ruwan da ya kwana a kwatami, a ƙarƙashinsa kuma da wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi irin na naman da ya fara juyawa. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa kusa da rufi. Da idonta ya saba da duhun sai ta ga wani bahon wanki cike da ruwa, kwalaben maganin tari da na yara suna jiƙe a ciki, takardun jikinsu sun saɓule suna yawo a sama. Ga gwangwanin madara, allurai tsaye a cikin wani ruwa mai kauri, mataccen kyankyaso ya yi rigingine a tsakaninsu. A kan benci akwai faifai cike da kwanson kafso, jajaye gefe guda, rawaya gefe guda. Kusa da faifan kuma kwanon fulawa ne a buɗe, ƙwari suna ta harkarsu a ciki.

"Kawu, fulawar me ce ce wannan?"

"Zauna ki gani."

Ya zauna a kujera 'yar tsuguno, ya ɗauko kafso sabo daga kwalinsa. Akwai dogon farce da yake tarawa a ƙaramin yatsansa, wanda Maimunatu tun tana yarinya ta ɗauka gayu ne. Da shi ya ɓare kafson, ya zazzage garin a murfin kwano, ya raba shi uku. Ya ɗebo fulawa da farcen, ya cuɗa, ya ɗura a kwanso. Sannan ya zaro harshe ya lashe bakin kwanson sosai, ya zagaye shi, ya kifa masa murfi, ya murza.

"Yawu ya fi gam," ya ce, ya jefa shi cikin kwalba. "Kin ga ɗaya ya zama uku. Kwanson kuwa ba a saye. Duk wanda ya zo a zuba masa gari a ciwo, ya tafi da garin, ni in tsince kwanso."

Da ƙyar ta ce, "Amma Kawu, ai kashi ɗaya cikin uku ba zai kashe cuta ba."

"Ke ma kin faɗa tarkon da kowa ke faɗawa." Ya yi dariya irin ta malami mai haƙuri da ɗalibi. "Bature daidai jikin bature yake cika kafso, mutumin da ya karya da ƙwai da madara. Talakanmu da ya kurɓi koko ya fito, ki ba shi cikakke, ai sai ki kayar da shi. Ni sassauta masa nake yi. Kuma ƙarfin magani rabinsa a launi yake. Ja na jini ne, rawaya na shawara, fari na ciwon kai. In mutum ya ga launin ciwonsa, ya riga ya fara warkewa."

"Kwalaben nan fa? Lokacinsu ya wuce, na ga ranar a jikin takardun."

"Gishiri yana mutuwa? Kanwa tana mutuwa? To magani ma ba ya mutuwa. Wayo ne na masu kamfani, su rubuta miki rana don ki zubar ki sake saye. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta."

Da a ce ƙarya yake yi yana sane, da abin ya zo mata da sauƙi, da ta tsane shi ta huta. Amma ya ga alamar shakka a fuskarta, sai ransa ya ɗan sosu. Ya ce bari ta ga shaida. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, ya kwance wani tsumma da ya ɗaure ƙwaurinsa da shi, nan take ta gane inda ɗoyin nan mai zaƙi yake fitowa. Gyambo ne, faɗin bakin kofin shayi, gefensa ya yi baƙi, tsakiyarsa ta cika da farin ƙullu da ya kwaɓu da ruwan ciwo ya daskare. Ashe ɗingishin da yake yi tun bara, wanda ya ce sanyin Jos ne, wannan ne. Ya ciro kafson da ya gama lasa yanzun nan, ya ɓare, ya barbaɗa a kai, ya danna da babban yatsa.

"In da cuta ce, zan zuba wa kaina? Kin ga har ya fara bushewa ta nan gefen."

Bai fara bushewa ta ko'ina ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ita ba ta taɓa zaton duhun a gidansu ya kwana ba. Wata tambaya ta taso mata wadda ba ta son jin amsarta, ta kuma kasa haɗiye ta.

"Kawu, wanda kake ba ni tun ina ƙarama, in na yi zazzaɓi..."

"Shi ne mana! Naki ma na fi lashe shi da kyau, don kada ya buɗe miki a maƙogwaro."

Ba ta san lokacin da ta banke labulen da ƙyauren ba. A bakin kwata ta durƙusa, dab da kaskon mai ƙosai, ta amayar da kokon safe da duk abin da ke bayansa, har sai da ba abin da ke fitowa sai ɗaci. Tana yi tana jin kamar duk kafson da ta haɗiya tun yarinta suna nan jere a cikinta, kowanne da yawunsa. Labaran ya biyo ta yana jan ƙafa, da buta a hannu, yana ta sannu.

"Zafin ɗakin ne, kowa ma haka yake yi ranar farko. Ungo, haɗiye wannan, zai kwantar miki da zuciya."

Ja da rawaya ne, a naɗe cikin 'yar takarda. Saboda sabo ta sa hannu biyu ta karɓa, har da cewa na gode. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ce sai ta je gida.

A gida ta tarar da Rabi tana feraye dankalin turawa a tsakar gida. Ta zayyana mata komai, tun daga baho har zuwa harshe. Rabi ba ta ɗaga kai daga wuƙarta ba.

"Inna, kin san da haka?"

"Ni ban taɓa ɗaga labulen nan ba, kuma ga ni ban mutu ba. Ke ma ga ki, har kin yi ƙarfin kawo ƙararsa."

"Sunana yake so ya rataya a kan wannan ƙazantar."

"Sunan naki wa ya raine shi?" Sai a lokacin ta ajiye wuƙar. "Yaya bai taɓa cin nama ya bar ki da romo ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kin ga ba za ki iya ba, ai da fensir kika rubuta. Goge ki sa aikin malanta, ki ce masa maki ne bai kai ba. Ki bar mutum da mutuncinsa."

Ranar Lahadi gaba ɗaya Maimunatu ta yini da fom a cinya da abin goge fensir a hannu. In ta goge, ta tsira daga ƙusar, ta kuma yar da abu ɗaya da ta taɓa so da gaske. In ta bari, ta san inda takardar za ta ƙare. Takaici ya ishe ta, na Kawu, na Inna, har da na kanta, da ta yi shekaru tana yi wa rogo kallon kitse. Abin da ya hana ta gogewa tunanin Oga Hyginus ne. Shi ai ya yi karatun. Ta tabbata bai san abin da ake yi da sunansa ba, kuma in ya sani, kalma ɗaya daga bakinsa za ta sa Kawu ya kwashe bahon nan ya tafi asibiti da ƙafarsa.

Litinin da safe Labaran ya ba ta kwandon ƙwai ta kai wa Oga, ya ce shi ba zai bar shago ba don yana jiran saƙo daga kasuwar Katako. Ta shiga tasi zuwa Rayfield, inda gidaje suke nesa da juna kamar masu gaba, ko'ina dogayen itatuwa da furanni, iska mai sanyi ba warin komai. Ta sami Oga Hyginus a baranda yana karanta jarida, dattijo mai furfura, tsaf da shi, faratansa a yanke. Ganin faratan nan kaɗai ya sa hankalinta ya ɗan kwanta.

"A'a, ɗiyar Labaran! Ka zauna, ka zauna." Hausarsa irin ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Ya gaya mani kana da kai sosai. Kawo takarda."

Ya sa hannu ya shaida ya san ta, bai ko tambayi cikakken sunanta ba. Ita kuwa ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye kafson a kan tebur, ta fara bayani. Ta faɗi baho, ta faɗi fulawa, ta faɗi allurai da gyambo. Tana jira ta ga ya zabura. Bai zabura ba. Ya sa gindin biro ya tura kafson zuwa gefenta, a hankali, don kada ya taɓa jaridarsa.

"Ka ɗauke wannan daga tebur."

"Ranka ya daɗe, ka buɗe ka gani."

"Me zan gani? Ni na ce maka ban sani ba?" Ya cire tabarau ya dube ta da tausayi. "Yarinya, sunana yana bango a Anguwan Rogo, yana Bukuru, yana Barikin Ladi. Kowane shago da labule nasa. In na bi ina ɗagawa, wa zai zauna lafiya? Abu na farko da za ka koya a aikin nan, ba a aji ake koya shi ba: takarda yana rataye, kai kana gida. Baɗi ko baɗin baɗi zan koma garinmu. Labaran ya daɗe yana jiran ka, kar ka ba shi kunya."

Daga cikin gida wata murya ta mace ta kira shi, ta ce tarin autansu ya dawo, direba zai fita, a sayo magani a ina. Ya juya ya ɗaga murya.

"Ya je asibiti wurin aikina, ya ce ni na aiko! Kar ya tsaya a shagon kowa!"

Sannan ya zaro farin hankici ya goge gindin biron da ya taɓa kafson da shi, ya goge sosai, ya mayar aljihu.

An gudu ba a tsira ba. Ɗakin Kawu ya sa ta amai, amma barandar nan mai ƙamshin furanni ko aman ma ƙin zuwa ya yi, ya tsaya mata a ƙirji. Kawu yana zuba fulawa a ciwonsa yana jiran sauƙi. Wannan kuwa ya san komai, ya yi karatun da take mafarki, abin da ya tsinta a ciki shi ne yadda zai goge bironsa. Ta ɗauki fom ɗinta da kafsonta, ta yi sallama a taƙaice. Har ta kai ƙofa ta ji yana tambayar ko ƙwan na zabi ne.

Daga nan gidan waya ta nufa kai tsaye. Ta tsaya a jikin kanta, ta buɗe fom ɗin, ta daɗe tana kallon rubutun fensir. In irin su Hyginus kaɗai ne za su riƙa sanin abin da ke cikin kafso, to Anguwan Rogo za ta ci fulawa har tashin duniya. Ta ɗauki biro ta bi kan rubutun duka, da ta zo kan kalmar famasi ta danna har ya kusa huda takardar. Ta liƙa ambulan, ta manna kan sarki, ta jefa a akwati. A ranta ta ce karatun shekaru ne, kafin ta dawo ta san yadda za ta lallaɓa Kawu, ƙusar kuma ta ci gaba da tsatsarta. Ta ɗauka tana da lokaci.

Bayan la'asar ta sauka a bakin unguwa. Tun daga nesa ta hango cincirindo a ƙofar shagon, har mai ƙosai ta matsar da kaskonta. Ta zaci ƙafar ce ta kayar da Kawu. Da ta matso sai ta ji ana ta "Ga ta nan! Ga likitar nan!", mata suna buɗa mata hanya, wata har da guɗa.

Saƙon Katako ya iso. Firam ne na maɗaci, an goge shi yana ƙyalli, an rataye shi a ƙusa ta biyu. A cikinsa ga Maimunatu cikin farar riga, biro a aljihu, tana dariya har kunne. A ƙasa an rubuta da fenti: Dokta Maimunatu, Jami'a. Labaran yana tsaye ƙarƙashinsa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, yana naɗe ƙwayoyi a takarda hannu ba hutawa.

"Tun shekaranjiya ta shiga ciki ta duba aikin da idonta," yake gaya wa mutane. "Yanzu duk abin da ya fita daga shagon nan, da sanin 'yar jami'a ya fita."

A gaban layi Kubra ce, maƙwabciyarsu, matar wani tela, da ɗanta a goye. Kan yaron ya langaɓe gefe, leɓensa ya bushe, numfashinsa yana fita da sauri-sauri da wani ƙaramin kuka a ciki. Ƙullin magani yana hannunta. Ta kamo hannun Maimunatu tana murna.

"Wallahi Allah ne ya taimake ni. Tun jiya jikin nan nasa kamar garwashi. Har na ɗauki hanyar asibiti, sai aka ce ai yanzu ke ce kike duba maganin Dokta. Na ce to me zai kai ni bin layin asibiti, ga tamu a gida?"

Maimunatu ta taɓa goshin yaron. Ta dubi hoton, ta dubi yarinyar nan mai dariya cikin rigar aro, ta ji ba ta taɓa ƙyamar wata fuska kamar wannan ba. Ko jarrabawar shiga jami'ar ba ta rubuta ba, amma har sunanta ya juyo da mara lafiya daga hanyar asibiti.

"Kawo in gani, Yaya Kubra."

Ta warware takardar a kan kanta, ta ɗauki ja da rawaya guda ɗaya. Labaran ya ce, "'Yar Kawu," a hankali, kamar mai roƙo. Ta ji shi sarai. Ta murɗe kafson ta zazzage a kan katakon kantar, a gaban kowa. Farin gari ya zubo, daga cikinsa wani ɗan baƙin ƙwaro ya fito, ya karkaɗe jikinsa, ya kama hanya.

"Fulawa ce," ta ce. Ta ƙara ɗaga murya. "Fulawa ce, da ɗan magani kaɗan, da yawu aka liƙe. In kika ba yaron nan wannan kika koma gida, ba na jin zai ga jibi. Ban duba komai ba, ban yarda da komai ba. Ni ba likita ba ce."

Ta jawo kujera ta taka, ta sauke firam ɗin daga ƙusa. Da ta sauko suka yi ido huɗu da Kawu. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa mari. Ba ta shirya wa abin da ta gani ba, dattijo tsaye a kan ƙafa ɗaya da rabi, yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Maimunatu," ya ce. Tun da take bai taɓa kiran ta da sunan nan ba. "A gaban mutane?"

"Kawu, ka zo mu tafi asibitin tare. Ƙafarka..."

"Tafi da hoton. Fuskar taki ce." Ya juyar da kai. "Rigar dai tawa ce."

Ta rungumi firam ɗin a hammata, ta ja Kubra da ɗaya hannun, suka ratsa mutane suka fita bakin titi. Kubra tana ta salati tana jijjiga goyonta. Maimunatu ta tsayar da tasi, ta tura su ciki, ta ce wa direba babban asibiti, ya yi sauri. Hawaye ya cika mata ido, amma a ranta tana cewa ko ba komai yau an gani, gani kuwa ya kori ji.

Kafin ta rufe ƙofar motar ta waiga. Ba wanda ya watse. Layin ya matsa gaba ne kawai ya cike gurbin Kubra. Wani tsoho da ke gaba ya sa gefen hannu ya share garin daga kan kanta, ya kakkaɓe a rigarsa.

"'Yan boko ke nan, ka raine su su ci maka fuska," ya ce. "Dokta, rabu da ita. Haɗa mini na ciwon baya, ka sa ja da yawa."

Labaran ya goge idonsa da hannun farar rigar. Sannan ya zura hannun cikin kwalba.